Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

A ƙasashen Turawa akwai wata doka da a ke kira dokar hakkin mallaka. Abin da ta ƙunsa a taƙaice shi ne, idan mutum ya wallafa littafi, ko ya tsara waƙa, ko ya shirya hoton majigi, ba wanda ke da ikon ya juya shi ya sayar sai da yardar mai shi. Ingila ce ta fara kafa irin wannan doka a cikin shekara ta 1710, zamanin Sarauniya Anne, Amurka kuwa ta yi tata a 1790. Manufarta kyakkyawa ce, watau mai aiki ya ci guminsa, kada wani ya zo ya girbe gonar da bai nome ba.

To, amma ba a sanin ƙarfin igiya sai an ɗaura ta ga dabba mai fizga. Inda aka fi gwada ƙarfin wannan doka shi ne a sana'ar masu shirya hotunan batsa, wadda ta bunƙasa a Amurka tun daga wajen 1970, musamman a Jihar Kalifoniya. Magana ce mai nauyi a baki. Addini ya haramta abin, al'ada ta ƙyamace shi, ba kuwa mai hankalin da zai ɗaure masa gindi. Duk da haka akwai dalilai biyu da suka sa ya kamata mai karatu ya san yadda shari'a ta yi da shi. Na fari, waɗanda a ke ɗauka a cikin hotunan nan 'yan Adam ne, da yawansu 'yan mata ne masu ƙuruciya waɗanda talauci ko ruɗi ya kai su. Na biyu, duk abin da ya same su daga takarda da sa hannu ya faro, ga shi kuwa duk wanda ya koyi karatu wata rana sai an miƙo masa takarda an ce ya sa hannu.

Tsohuwar ƙa'ida

A da, alƙalan Ingila suna bin wata ƙa'ida mai sauƙin fahimta: abin da ya saɓa wa ɗa'a ko addini ko zaman lafiya, kotu ba ta tsare wa mai shi. A 1817 wani mawaƙi mai suna Robert Southey ya kai ƙara domin wani mai ɗab'i ya buga wani wasan kwaikwayo da ya rubuta tun yana saurayi, ba da izninsa ba. Babban alƙali, Lord Eldon, ya duba ya ga wasan yana zuga talakawa su yi wa sarauta tawaye, sai ya ƙi hana bugawar. A Amurka ma, a 1867, wata kotu a Kalifoniya ta ƙi tsare wani wasan dandali domin ta ga galibinsa baje jikin mata ne.

Wanda ya yi karatun fiƙihu zai ji wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a kunnensa, gama malamai sun ce daga cikin sharuɗɗan abin sayarwa akwai ya zama mai tsarki, ya zama kuma amfaninsa halal ne. Amma akwai bambanci babba. A wurin malamai, abin da ya haramta hukuma ce za ta kawar da shi daga kasuwa. Alƙalan Ingila kuwa janye hannunsu kawai suka yi, suka bar abin a kasuwa ba mai shi. Me ya biyo baya? Sa'ad da masu ɗab'i suka ji wasan Southey ba shi da mai tsaro, sai kowa ya shiga bugawa yana sayarwa da araha, har ya kai hannun mutanen da da ba za su taɓa jin labarinsa ba. An so a kashe wuta, sai aka watsa garwashi. Wannan shi ne raunin tsohuwar ƙa'ida, ko da ya ke niyyar masu ita ta gari ce.

Hukuncin 1979

A 1972 waɗansu 'yan'uwa biyu, Jim da Artie Mitchell, mutanen birnin San Faransisko, suka shirya wani hoton batsa wanda ya kawo musu kuɗi masu yawa. Masu wani gidan sinima a Jihar Teksas suka sami wanda aka juya a sace, suka riƙa nunawa suna karɓar kuɗin shiga. Da aka kai su ƙara, ba su yi musun satar ba. Hujjarsu ita ce, abin da suka sata ƙazanta ne, kotu kuwa ba ta tsaron ƙazanta. Alƙalin farko ya karɓi hujjarsu. 'Yan'uwan nan suka ɗaukaka ƙara, a 1979 kotun sama ta rushe hukuncin, alƙali John Godbold ne ya rubuta dalilanta.

Dalilan sun taru a kan abu huɗu. Ɗaya, Majalisar Dokoki da ta yi dokar ba ta ce sai abu mai ɗa'a za a tsare ba, alƙali kuwa ba shi da ikon ƙara abin da majalisa ba ta sa ba. Biyu, a Amurka ana auna batsa ne da abin da mutanen kowane gari ke gani batsa ne, saboda haka in an bi tsohuwar ƙa'ida, hoto guda zai zama dukiya a wannan gari, a wancan kuwa ya zama ba na kowa ba. Uku, ra'ayin mutane yana sakewa, littattafai nawa ne aka hana a da, daga baya aka koma ana karantar da su a makarantu. Huɗu, akwai dokokin hukunta masu batsa dabam, in hukuma tana so ta kama su ga hanya nan. A 1982 wata kotun sama, wadda Kalifoniya ke ƙarƙashinta, ta bi wannan ra'ayi. A 1988 kuma babbar kotun Jihar Kalifoniya ta ce wanda ya biya 'yan wasa lada domin shirya irin wannan hoto ba za a hukunta shi da laifin kawalci ba.

In an auna hukuncin 1979 a kan tambayar da aka sa a gaban kotu, da wuya a ce ya karkace. Gaskiya ne in ɓera da sata, daddawa ma da wari, amma warin daddawa ba ya wanke ɓera. Mai sinimar nan bai saci hoton domin ya ƙone shi ba, ya sata ne domin ya nuna wa ƙarin mutane. Da kotu ta sallame shi, da ta buɗe wa ɓarayi ƙofa, batsar kuwa ta daɗa yaɗuwa. Aibin hukuncin yana wani wuri dabam. Mutum biyu ne suka tsaya gaban alƙali, mai kamfani da mai sinima, aka yi ta gardama a kan wanda zai ci kuɗin. Waɗanda jikinsu ne a ke nunawa a bangon sinima ba wanda ya kira su, domin a idon dokar ba su da rabo a cikin abin da a ke jayayya a kai.

Wanda doka ba ta gani

Dokar hakkin mallaka ta Amurka ta 1976 ta ce, aikin da ma'aikaci ya yi wa ubangidansa, ko wanda aka yi jinga da shi a rubuce ya yi wani sashe na hoton majigi, ana ɗaukar wanda ya biya lada shi ne mawallafi. Tun daga 1998 irin wannan mallaka tana ɗorewa har shekara 95 daga ran da aka fito da hoton. Marubucin da ya sayar da littafinsa doka ta ba shi damar ya karɓi hakkinsa bayan shekara 35, amma wanda ya yi aikin lada ba shi da wannan dama. Ke nan yarinyar da aka ɗauka tana da shekara 19, za ta yi aure, ta haihu, ta ga jikoki, ta mutu, hoton yana nan a hannun kamfani ko magadansa.

'Yan wasan majigi na yau da kullum sun rage wa kansu wannan asara ta hanyar ƙungiya. A 1960 ƙungiyarsu ta yi yajin aiki a ƙarƙashin Ronald Reagan, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, suka sami alkawarin a riƙa ba su wani kaso idan an sake nuna sababbin hotuna a talabijin. Masu shiga hotunan batsa kuwa galibi ladan yini ɗaya a ke ba su, shi ke nan, ko da za a shekara hamsin ana sayar da hoton.

Labarin Linda Boreman, wadda aka sani da Linda Lovelace, ya isa misali. Ta fito a wani hoto a 1972 wanda ya tara miliyoyin daloli. Ladanta dala 1,250 ne, ta kuma ce mijinta ne ya karɓe. A 1980 ta wallafa littafi ta ce da duka da barazanar bindiga mijin nan ya sa ta. Mijin ya yi musu, waɗanda suka yi aiki tare da su kuma waɗansu sun gaskata ta, waɗansu sun ƙaryata. Ta ba da shaida gaban hukumar binciken gwamnati a 1986, ta yi ta roƙo a daina nuna hoton. Har ta rasu a 2002 ba a daina ba, gama ba ita ke da shi ba.

Wata shari'a ta 2015 ta daɗa fito da abin fili, ko da ya ke ba ta batsa ba ce. Wata mata, Cindy Lee Garcia, an ɗauke ta aiki a kan dala 500 aka ce mata wasan jarumtaka ne na cikin hamada. Bayan an gama, sai mai hoton ya ɗora wata murya a kan tata, aka sa mata a baki maganar ɓatanci ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wannan shi ne hoton da ya tayar da hankalin Musulmi a 2012, har a Kano aka yi zanga-zanga. Matar nan aka shiga yi mata barazanar kisa. Ta roƙi kotu ta sa a cire hoton daga YouTube, tana cewa daƙiƙa biyar ɗin da ta fito nata ne. Da fari ta yi nasara a 2014, amma a 2015 taron alƙalai 11 suka sake zama suka ce ɗan wasa ba shi da hakkin mallaka a kan fitowarsa. Tsoronsu shi ne, in an ba kowane ɗan wasa wannan iko, hoton da ke da mutum dubu zai zama da iyayengiji dubu, ba kuwa wanda zai iya shirya kome.

Wannan tsoro yana da tushe, amma bai kamata ya zama bargon da zai rufe kowace irin ɓarna ba. Wanda ya wuce a cikin taron kasuwa a hoto dabam ya ke da wadda tsiraicinta ne kaɗai abin da a ke sayarwa. Dokar da ta kasa rarrabe waɗannan biyu ta ɗauki jikin ɗan Adam daidai da tawada da takarda.

Kunya ta zama abin ciniki

Ikon da aka ba masu kamfani bai tsaya a kan 'yan wasa ba. Doka ta ce wanda ya juya aikin wani da gangan ana iya cin sa tara har dala 150,000 a kan aiki guda. Da intanet ta zo, mutane suka shiga ɗaukar hotuna a ɓoye ba biya, sai waɗansu lauyoyi suka ga hanyar abinci. Su kan shigar da ƙara, kotu ta ba su iznin neman sunan mai layin intanet, sa'an nan su aika masa da takarda: ko ya biya 'yan dubban daloli a kashe magana, ko sunansa ya fito a takardun kotu tare da sunan hoton. Mutum mai iyali, ko yana da laifi ko ba shi da shi, sau da yawa ya kan gwammace ya biya.

Waɗansu lauyoyi biyu, Paul Hansmeier da John Steele, sun tara wajen dala miliyan 6 ta wannan hanya. Daga baya aka gane su da kansu su ke ɗora hotunan inda za a sace, har ma sun sa an shirya waɗansu domin wannan tarko kawai. A 2019 aka ɗaure Hansmeier shekara 14, Steele shekara 5. Waɗannan an kama su ne domin sun yi wa kotu ƙarya. Ita hanyar kanta doka ba ta toshe ta ba, akwai kamfanin da shi kaɗai ya shigar da dubban ƙararraki irin waɗannan. Daga cikin kuɗin da a ke tatsa, ba dokar da ta ce a ba waɗanda ke cikin hoton ko anini.

Ƙaiƙayi koma kan masheƙiya

Sau ɗaya dai an ga wannan makami ya juya ya sari mai shi. A birnin San Diyego wani mutumin ƙasar Niyu Ziland, Michael Pratt, da abokansa sun yi shekaru suna tallar neman 'yan mata masu tallar tufafi. In yarinya ta zo, sai a gaya mata ainihin aikin, a rantse mata cewa a faifai kaɗai za a sayar wa waɗansu mutane a ƙasashen waje, ba za a taɓa sa shi a intanet ba, ba wanda ya san ta da zai gani. A kan kai ta ɗakin otal, a miƙa mata takardu masu yawan shafi, a yi ta gaggauta ta har ta sa hannu ba ta karanta ba. Ba da daɗewa ba sai hoton ya bazu ko'ina, ya kai ga iyayenta da abokan karatunta. Waɗansu sun rasa aiki, waɗansu sun bar makaranta, waɗansu har sun nemi kashe kansu.

Mata 22 suka yi ƙarfin hali suka kai ƙara. A watan Janairu na 2020 alƙali Kevin Enright ya ce takardun nan da zamba aka karɓe su, saboda haka ba su ɗaure kowa ba. Ya yanka musu diyya kusan dala miliyan 13, ya kuma mallaka musu hotunansu. A ƙarshen 2021 wata alƙaliyar kotun tarayya ta yi haka ga mata 402. Pratt ya gudu a 2019, aka kama shi a birnin Madrid na ƙasar Sifen a 2022, a 2025 aka ɗaure shi shekara 27.

Me ya sa mallakar hoton ta fi kuɗin diyya muhimmanci a wurin matan nan? Domin wata doka ta 1998 ta ce mai hakkin mallaka, ko wakilinsa, shi ke da ikon aika wa masu shafin intanet takarda su sauke abinsa. Muddin hoton na kamfani ne, kukan yarinyar ba ya tilasta kowa. Ran da ya zama nata, takarda guda ta isa. Hukunci ne mai kyau, amma a dubi tsadarsa: shekaru ana shari'a, an yi wata da watanni ana sauraron shaidu, kafin nan kuwa an riga an juya hotunan sau ba adadi. Magana zarar bunu ce, hoto a intanet kuwa ya fi ta wuyar mayarwa.

Abin da ya rage

Yarjejeniyoyin ƙasashen duniya ba su cike giɓin ba. Wadda aka yi a birnin Roma a 1961 ta ba 'yan wasa kariya, sa'an nan ta ce da zarar ɗan wasa ya yarda a ɗauke shi a hoton majigi kariyar ta faɗi, Amurka ma ba ta shiga cikinta ba. Ta birnin Beijin, ta 2012, wadda ta fara aiki a 2020, ta fi ta dama, gama ta ba ɗan wasa ikon ƙin a murɗe aikinsa yadda zai zubar masa da mutunci. Nijeriya ta tabbatar da ita a 2017, Amurka kuwa ta sa hannu ba ta tabbatar ba. Ita ma ta bar wa kowace ƙasa damar ta ce hakkin ɗan wasa ya koma hannun mai kamfani da zarar ya yarda. A 2025 Amurka ta yi wata doka mai tilasta wa masu shafuna su sauke hoton tsiraicin da aka sa ba da yardar mai shi ba a cikin awa 48, amma an fi nufin ta ga wanda aka tona wa asiri, wadda ta sa hannu a takardar kamfani kuwa da sauran tafiya a gabanta.

Kada a ce gyara ya gagara. A 1986 da aka gane wata shahararriya a cikin sana'ar nan ba ta kai shekara 18 ba sa'ad da aka ɗauke ta, nan da nan aka kwashe hotunanta daga kantuna, a 1988 kuma aka yi dokar tilasta wa masu kamfani ajiye shaidar shekarun kowa. Ashe in hukuma ta ga dama tana iya fid da hoto daga kasuwa. Abin da aka yi domin shekaru ana iya yin irinsa domin yarda. Ana iya cewa dole a ba mutum takardar alkawari kwanaki kafin ranar aiki, a kuma karanta masa ita gaban shaida wanda ba yaron kamfani ba ne. Ana iya cewa yardar nuna tsiraici tana da wa'adi, in ya cika sai an sake nema. Ana iya cewa duk inda aka tabbatar da tilas ko zamba, mallaka ta koma hannun wanda aka cuta ba tare da wata doguwar shari'a ba.

A taƙaice, dokar nan ta yi daidai da ta ƙi ba ɓarawo gaskiya, ta kuma yi kuskure da ta ɗauka mai kuɗi da mai na'urar ɗaukar hoto su kaɗai ne suka yi aiki. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan ana tafiya a haka, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ga wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci kuwa, akwai abin ɗauka ko da bai taɓa shiga sinima ba. 'Yan matan San Diyego duk sun iya karatu, da yawansu ma ɗaliban manyan makarantu ne, abin da aka hana su shi ne lokacin karantawa. Takardar bashi ce, ko ta jinginar gona, ko ta ɗaukar murya da hoto, mai hankali ya kan ce a bar masa ita ya kwana da ita, ya karanta, ya nuna wa wanda ya fi shi sani. Wanda ya ƙi ba da wannan dama, ya ce sai yanzu-yanzu, to, ya riga ya faɗi abin da ke cikin takardarsa. Allah ya tsare bayinsa daga sa hannun da-na-sani, amin.